Tsinin Takalmin Mama

Shafi na 19

Masu cika min waya da saƙo cewa na fiye tsanar yayana Wendell, wai jini ɗaya ne, in sassauta masa, na ji ku. Ku karanta abin da ya yi ranar Litinin, sannan ku zo ku koya min sassaucin.

*

Litinin ce, don haka tukunyar jan wake tana kan wuta tun safe kamar a kowane gida a unguwarmu ta Treme. Mama ta ƙara yawan waken saboda baƙo. Mista Lindqvist, mutumin kamfanin faifai daga New York, zai zo cin abincin rana ya wuce da tef ɗin.

Tef ɗin nan ne na da, mai naɗi kamar faranti, wanda Wendell ya tsinto a saman silin inda ruwan ambaliya bai kai ba. A jikin kwalin an rubuta sunan marigayi Baba, Lucius Marchand. Kusan shekara sittin yana kwance babu kunnen da ya ji shi. Wendell ya kunna wa Baturen tsakiyarsa ta waya, wai mutumin har hawaye ya yi, ya ce duk faifan kiɗan jaz da Baba ya fitar a rayuwarsa babu wanda ya kama ƙafar wannan.

Mama ta ce tef ba zai bar gidanta ba sai an kunna shi daga farko a kan teburinta. Ta sa na ɗauko Kawu Cleophus, mai gangar Baba, shi kaɗai ya rage da rai cikin waɗanda suka shiga situdiyo a ranar. Ta yi kwalliya da rigar coci, har da takalminta mai tsini da likita ya hana ta sawa. Ni dai na ɗauka duk don baƙo ne.

Wendell ya miƙo hannu.

"Ku kawo wayoyinku."

"Don me?" na ce.

"Kamfani ya ce ko ɗigon sauti kada ya fita kafin lokaci. Na san ki, Odile. Yatsanki ya fi bakinki sauri, bakin ma kuma ba dama."

Na ba shi. Ya zuba su a aljihun kwat ɗinsa, ya ɗaura tef a tsohuwar rikodar Baba, yana wani hura hanci kamar shi ya busa.

Aka fara jin shuuu na tsohon tef. Muryar wani mutum ta ce, "Muna ɗauka."

Sai ƙwas. Ƙwas. Ƙwas-ƙwas.

Ganga ta shigo, fiyano ya biyo, sannan ƙaho.

Ni da na tashi a cikin busar Baba, ban taɓa jin irin wannan ba. Baba ihu yake da ƙaho, ya cika titi, ya sa mutane su fito ƙofar gida. Wannan kuwa a hankali yake magana, ya ɗan faɗi abu ya tsaya, ya sake faɗa, har ka ji kana riƙe numfashinka kana jiransa. Tsikar jikina ta tashi, kuma ban ji kunyar goge ido ba.

"Tsayar," in ji Mama. "Mayar da shi farko."

"Mama, kowane kunnawa cin tef ɗin yake."

"Na ce ka mayar."

Ya mayar yana tsaki ƙasa-ƙasa. Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas-ƙwas.

"Me ka ji?"

"Ƙahon Baba."

"Kafin ƙahon."

"An buga ƙafa. To sai me? Akwai shugaban makaɗa a garin nan da ba ya tayar da kiɗa da ƙafa?"

Gaskiyarsa a nan. A wurinmu mai riƙe da ƙahon gaba shi ke buga ƙasa, saurin da ƙafarsa ta bayar shi kowa zai bi. Amma Baba ƙaton mutum ne, takalminsa kamar kwalekwale, in ya buga ƙasa dum sai kofuna sun yi rawa a kan kanta.

Mama ta dubi Wendell.

"Ubanka ya taɓa sa takalmi mai tsini?"

Ya ɗaga kafaɗa.

"Wataƙila wata ce ke wucewa," in ji Wendell. "Sakatariya ko mai shara."

"Mai sharar ce ta ba Cleophus saurin kiɗa, shi kuma ya bi ta?"

"Me kike so ki ce, Mama?"

"Leɓen ubanka ya tsage a makon. Ko shayi ba ya iya sha sai ya karkata baki. An riga an kama situdiyo, mutane sun taru. Ya san tun ina yarinya nake busa ƙahon mahaifina a ɓoye a bayan gidanmu, saboda a lokacin mace fiyano ake bari ta taɓa, ko ta yi waƙa. Ya ce, Lalie, zo ki riƙe min wurin, ba wanda zai sani. Na riƙe masa."

Na ce, "Mama, ke ce wannan?"

"Daga farko har ƙarshe. Da muka gama aka kunna mana. Ubanku ya saurara har ƙarshe. Ya cire tef ɗin da hannunsa ya sa a hammata. Kafin Lahadi ya ba wani ɗan makaranta ƙahona kyauta."

Wendell ya kwashe da dariya. Dariyar da ya saba yi wa 'yan yawon buɗe ido in sun tambaye shi abin wauta.

"Odile, kin ba ta maganinta na safe kuwa?"

"Yaya, ka iya bakinka."

"A'a, tambaya nake. Jiya gishiri ta zuba a kofi. Shekaranjiya ta kira ni Lucius. Yau kuma ita ce ta busa faifan da ya fi kowane faifai. Gobe sai ta ce ita ta haƙa kogin Mississippi."

Mama ba ta kula shi ba. Ta juya ga tsohon da ke zaune ya tasa farantinsa a gaba babu komai a ciki, yana juya cokali biyu a hannu.

"Cleophus, kana wurin. Faɗa wa yarana."

Kawu Cleophus ya kalli silin, ya kalli taga, ya kalli ko'ina ban da fuskarta.

"Lalie, an daɗe."

"Ban tambaye ka ko an daɗe ba."

"Ni a baya nake zama. Gangata nake kallo."

"Kai ka ɗauko min kujera da ka ga ƙafata ta kumbura."

"Ban tuna ba."

"Kai ka ce min, yarinya, yau kin binne mu duka."

"Na ce ban tuna ba!" Ya sauke murya. "Lucius ya tafi. Garin nan kaf ya raka gawarsa da kiɗa. Akwai abin da in an bar shi a silin ya fi wa kowa. Ni in an tambaye ni, kada ma a fitar da shi gaba ɗaya."

Na ji kamar in kifa masa tukunyar waken. Mutumin da duk Litinin ta duniya yake cin abincin Mama, har a zuba masa na tafiya da shi gida.

"To kin ji," in ji Wendell. "Shaidarki ta ce ba ta gani ba."

"A fitar da shi," in ji Mama. "Ni ban ce a ɓoye ba, ya isa haka. Amma a rubuta sunana, Eulalie, a jiki. In ba za a rubuta ba, ka mayar da shi inda ka ɗauko."

"Wa ya san Eulalie? Wa zai sayi faifan wata tsohuwa da babu wanda ya taɓa ganin ta riƙe ƙaho?"

"Ba saya nake nema ba. So nake in ji an faɗi sunana sau ɗaya kafin a rufe ni."

Wendell ya tashi. Ya nufi kabad ɗin gilashi na falo inda ƙahon Baba yake ajiye tun ranar jana'iza, ya ɗauko shi, ya dire a gabanta a tsakanin farantai.

"Busa."

"Yaya!"

"Ke rufe min baki. Ai magana ta ƙare. In ita ce, ga ƙaho ga baki. Busa mu ji, Mama. Kiɗan ma ba na so duka, sauti ɗaya tak."

Shi mai busa ne, ko da yake busar tasa sai a hankali. Ya fi kowa sanin cewa mutum in ya ajiye ƙaho wata guda leɓensa mutuwa yake, balle wadda ta ajiye tun kafin a haife shi, ga haƙoran roba sama da ƙasa. Da gangan ya yi.

"Mama, kada ki taɓa shi," na ce. "Ba ki da abin da za ki nuna wa wannan."

Ta ɗauka. Abin da ya karya min zuciya shi ne yadda yatsunta suka sami wurinsu ba ta ko duba ba. Ta gyara zama, ta lashi leɓe, ta kai shi baki.

Fuuu.

Iska ce kawai ta fito.

Ta sake ja, jijiyar wuyanta ta miƙe. Wani sauti ya fito kamar an taka tsohuwar kujera, sannan haƙoranta na sama suka goce. Ta yi sauri ta rufe baki da tafin hannu, ta juya mana baya tana mayar da su.

Wendell ya tafa mata. A hankali, yana murmushi.

"Madalla. A rubuta Eulalie a jiki."

Na rantse da Allah, a lokacin da wuƙa ce a hannuna da yanzu daga gidan yari nake rubuto muku.

Mama ta ajiye ƙahon, ta share bakinsa da gefen rigarta. Ta dafa tebur ta miƙe. Na zabura zan riƙe ta, a zatona ɗaki za ta shiga ta yi kuka, sai ta ture hannuna. Ta tsaya a kan katakon ƙasa, ta ɗaga kafaɗa, ta kalli wani wuri sama da kanmu duka.

Ta ɗaga dunduniya.

Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas-ƙwas.

Cokulan Kawu Cleophus suka sauka a kan tebur.

Ba shi ya yi niyya ba, na ga idonsa. Hannuwan ne suka tafi da kansu. Mai ganga da ya shekara saba'in yana jiran ƙafar shugaba ba ya iya jin an buga ya zauna haka. Suka shigo daidai inda suka shigo a tef, da 'yar birgimar nan a gefen faranti, da tsayawar nan ta bayanta. Har ƙafarsa tana neman babbar ganga a ƙarƙashin tebur.

Ya yi nisa kafin ya farga. Ya saki cokulan suka faɗi ƙasa, ya zura wa hannuwansa ido kamar na wani ne.

"Ita ce," ya ce. Muryarsa ta karye. "Ita ce, Wendell. Lucius a bakin ƙofa ya zauna da ƙanƙara a leɓe. Ya sa muka rantse, muka kuwa rantse da sauri, don mu ma ba ma so a ce mace ta ja mu a gaba. Lalie, ki yafe min."

"Ci gaba da kukanka," in ji Mama, ba ta ko dube shi ba. "Ka makara da shekara sittin."

Na juya ga Wendell ina jiran in ga kunya. Ban gani ba. Fuskarsa ta bushe, idonsa yana kan rikoda.

"Kin san abin da aka rubuta a jikin gangar ƙungiyata?" ya ce. "Ɗan Lucius Marchand. Shi mutane ke zuwa gani, ba ni ba, na sani. In aka ce mafi kyawun abin da ya bari matarsa ce ta busa, shi kuma ɓoyewa ya yi don baƙin ciki, to ni ɗan waye?"

"Ɗana."

"Ba a cika zaure da wannan, Mama."

Ya shiga kicin ya fito da almakashin da muke yanka kaza. Ya mayar da tef ɗin farko, ya jawo bakin tef ɗin ya fito da shi waje.

"Kawu yana kiran jikarsa da sunan matarsa da ta mutu. Ke kina zuba gishiri a kofi. Odile kuwa kowa ya san ba ta ƙaunata. Babu wanda zai saurare ku. Sauran kiɗe-kiɗen duk sai bayan an buga ƙafa aka kunna na'ura, na duba. Wannan ɗan guntun ne kawai matsalar."

Na yi kansa. Ya ɗaga naɗin sama da hannu ɗaya.

"Ki taɓa ni in fizge shi duka ya tsinke. Tsoho ne, ba ya buƙatar ƙarfi. Sai kowa ya rasa."

Na tsaya cak.

"Wendell," in ji Mama. Ta daina tsawa, ta koma muryar da take mana magana da ita muna ƙanana in zazzaɓi ya kama mu. "Me Baturen ya ce ya fi burge shi?"

Ya kawar da kai.

"Kai ka faɗa min da bakinka. Wai yadda mai busar ke yanke magana gajere-gajere, ya tsaya ya numfasa. Wai sabon salo ne Lucius ya ƙirƙiro ya mutu da shi."

"To?"

"Ba salo ba ne. Kai ne. Ina ɗauke da cikinka, ya tsufa, ka danne min huhu, ba na iya jan dogon numfashi. Duk inda ka ji na tsaya, kai ne ka harbe ni. Mu biyu muka busa shi, ɗana. Babu abin da ka taɓa yi tare da ubanka da ya kai wannan."

Na ga ya ɗan sauke almakashin. Na ce a raina shi ke nan, Ubangiji ya taɓa shi.

"To kin ga ina da haƙƙi a ciki," ya ce.

Ƙaras.

Guntun da ya yanke ya kai tsawon hannu. Ya dunƙule shi, ya taka zuwa kicin, ya ɗaga murfin tukunya ya jefa a cikin waken da ke tafasa, ya mayar da murfin. Ya dawo ya ɗaura sauran a rikoda ya danna.

Babu shuuu, babu ƙwas. Ganga ce ta fara, ƙaho ya biyo, mai daɗi kamar yadda yake ɗazu.

"Kun ji?" in ji shi. "Har ya fi tsafta."

Kawu Cleophus ya kifa kai a kan tebur. Ni kuwa na kasa ko zagi, abin da bai taɓa faruwa da ni ba. Mama ta tsaya tana sauraren kanta har kiɗan ya kai inda take tsayawa ta numfasa, sai na ga ta dafa cikinta.

Sannan ta wuce kicin, tsinin takalminta yana ƙara a kan katako. Na bi ta don ina tsoron kada ta faɗi. Ta ɗauki farantin baƙi mai bakin zinariya, ta zuba shinkafa. Ta buɗe tukunya, ta sa ludayi tana juyawa a hankali har ta kamo guntun tef ɗin. Ya yamutse, ya nannaɗe, romon wake yana ɗiga daga jikinsa. Ta zuba wake a kan shinkafar, ta ɗora shi a sama, ta gyara masa zama da cokali kamar yankan nama.

Ƙararrawar ƙofa ta buga.

Wendell ya kashe rikoda, ya ja kwat ɗinsa, ya shafa gemu. Sai da ya juyo ya ga abin da Mama ta ajiye a wurin zaman baƙo. Ya yi wuf zai ɗauke.

Mama ta ɗora tafin hannunta a gefen farantin, ɗaya hannun yana riƙe da ludayi mai tururi.

"Ka taɓa abincin baƙona ka gani."

"Mama..."

"Ka ce mutumin ya shekara arba'in yana aikin tef, ko? To zai gane abin da aka zuba masa. Zai tambaya, kai kuma za ka ba shi amsa a gabana."

Ƙararrawa ta sake bugawa.

"Odile," ta ce, idonta a kan ɗanta. "Buɗe masa."